Ƙafa 750 Tsakaninmu da Su

Mun kwashe sama da awa goma a sama tun daga Landan, kowa ya yi laushi, lokacin da matuƙi ya sanar cewa mun fara gangarowa San Faransisko. Kujerata tana jikin taga ta hannun dama, bayan fiffike kaɗan. Gari ya yi wasai, babu gajimare ko na magani, sai wani siririn hazo da ya kwanta can a kan teku. Jirgin ya bi ta saman mashigin ruwan ya yi kudu, ya sha wata doguwar kwana, sannan ya miƙe hancinsa yamma. Na ji tayoyi sun fito da rugugin nan nasu a ƙarƙashin ƙafafunmu. Gadar San Mateyo ta wuce ta ƙasa, motoci a kanta kamar jerin tururuwa.

Ina ɗago kai sai na ga jirgi a tagata.

Na sha ganin jirage a sama, can nesa, ɗigo ne kawai mai jan farin zare a bayansa. Wannan kuwa a gefenmu yake, ɗan gaba da mu kaɗan, tayoyinsa a sake suna reto, rana tana walƙiya a jikinsa. Na ƙirga tagoginsa. A ɗaya daga cikinsu na hangi kan mutum ya jingina da gilashi. Muna sauka yana sauka, kamar an ɗaure mu da igiya ɗaya. Gabana ya yanke ya faɗi. Dattijuwar da ke kusa da ni ta leƙo ta kafaɗata, ta damƙe hannun kujera har jijiyoyin bayan hannunta suka fito raɗa-raɗa. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne, a hankali a hankali muna cim masa. Da farko bindinsa nake gani. Can sai ga shi na fara ganin tsakiyarsa.

Ruwan da ke ƙasa ya matso har ina rarrabe igiyoyinsa, sai injinanmu suka yi wata irin kururuwa. Bayana ya manne da kujera, hancin jirgin ya ɗaga, ruwan ya sake nisa. Ɗayan jirgin ya sulale ƙasa ya ɓace mini a ƙarƙashin fiffike. Tayoyi suka koma mazauninsu. Wajen minti uku babu wanda ya yi mana magana, kuma a rayuwata ban taɓa jin tsawon minti uku irin wannan ba. Sannan muryar matuƙi ta fito, a natse, ya ce tazarar da ke tsakaninmu da jirgin da ke sauka a titin da ke gefen namu ta ragu fiye da yadda yake so, don haka ya fasa sauka, za mu zagayo mu sake. Wani mutum a bayana ya ja tsaki, ya fara ƙorafin cewa jirgin da zai kama na gaba zai tafi ya bar shi. Bayan kamar minti ashirin muka sauka mu kaɗai, babu kowa a gefe.

Kawuna ne ya zo ɗaukata. Ya shekara aru-aru yana gyaran na'urorin cikin jirage kafin ya ajiye aiki, kuma yana da lasin tuƙa ƙananan jirage. Yana ganina ya ce, "Sannu da hanya, ɗana. Ya na ga idonka ya faɗa haka?"

Na ce, "Kawu, yau mun tsallake rijiya da baya. Saura ƙiris mu yi karo da wani jirgi."

Bai katse ni ba har na kai aya. Ya tambaye ni ta wace taga na gan shi, na ce ta dama. Ya tambaya ko ya juyo hancinsa wajenmu ne, ko dai yana miƙe a kan layinsa. Na ce a miƙe yake. Ya gyaɗa kai ya ce, "To ku kuna kan 28 ta hagu, shi yana kan ta dama. Matuƙinku ya san aikinsa. Ka huta tukuna, jibi zan kai ka ka ga abin da idonka."

Wurin da ya kai ni wani ɗan filin shaƙatawa ne a bakin ruwa, a garin Milbure, daura da filin jirgin. Akwai bencina, akwai masu motsa jiki, akwai wasu tsofaffi da manyan kyamarori. Kawu ya zo da wata ƙaramar rediyo mai kama maganar matuƙa da hasumiyar da ke ba jirage umarni. Muka zauna muka fuskanci gabas. Ba mu daɗe ba fitilu biyu suka bayyana a saman ruwa, ɗaya kusa da ɗaya kamar idanun kyanwa da dare. Suka yi ta girma har suka zama jirage biyu, suka dira kusan tare, hayaƙin tayoyinsu ya tashi bi da bi. Kafin su gama rage gudu wasu fitilun biyu sun riga sun fito a baya.

A nan ya fara warware mini. Lambar da ake sa wa titin jirgi daga alƙibla take fitowa: 28 tana nufin titin yana kallon kusan digiri 280, wato yamma da ɗan karkata arewa. Idan titi biyu suka kalli wuri ɗaya, sai a ƙara wa ɗaya harafin L na hagu, ɗayan R na dama. Daga tsakiyar 28L zuwa tsakiyar 28R ƙafa 750 ne kacal, kimanin mita 230. Filin yana maƙale tsakanin gari da ruwa, wani sashe nasa ma cike ruwan aka yi aka gina shi, babu sararin da za a raba titunan nesa da juna. A lokacin da na je, idan gari ya yi haske, ana jero jirage biyu-biyu, kowane matuƙi sai ya tabbatar wa hasumiya cewa ya ga ɗan'uwansa da ido kuma zai kiyaye tazara, sannan a bar su su shigo tare. Na baya ba a so ya wuce na gaba, musamman idan shi ne babba, domin kowane jirgi yana barin wata guguwa mai murɗawa daga bakin fukafukansa, wadda ba a ganinta, kuma ta babban jirgi tana iya birkita ƙarami. Abin da ya sa namu ya tashi ke nan. Mun fi shi nauyi, mun fi shi gudu, muna shirin shiga gabansa.

Na ce, "To Kawu, ashe ba wani haɗari muka shiga ba?"

Ya ce, "Kun kama hanyarsa, aka juyo da ku tun da sauran wuri. A Amurka, sai jirage biyu sun matsi juna ƙasa da ƙafa 500, ko matuƙi ya kai rahoton cewa akwai barazanar karo, sannan ake rubuta shi a matsayin saura ƙiris. Amma yi mini lissafi. Jirgi mai sauka yana gudun kilomita 260 a awa ko wajen haka, wato mita 70 da ɗoriya a daƙiƙa ɗaya. A ce ya kauce daga layinsa da digiri 30, rabin gudun nan gefe yake tafiya. Mita 230 ɗin nan cikin daƙiƙa nawa zai cinye ta?"

Na lissafa a raina na ce shida ko bakwai.

Ya ce, "To ka ji. Cikin daƙiƙa bakwai sai wani ya gani, ya gane abin da ya gani, ya yi magana, a ji shi, hannu ya motsa, ƙarfe mai nauyin tan ɗari biyu ya amsa."

Wannan lissafin ya fi ganin jirgin a taga tayar mini da hankali, har yau kuma yana raina. Saboda shi ne aka gindaya ƙa'ida mai tsauri idan ido ba ya aiki. Kafin jirage biyu su sauka a lokaci guda cikin gajimare, kowanne yana bin na'urarsa ba tare da jiran ɗayan ba, tsohuwar ƙa'idar Amurka ta nemi ƙafa 4,300 tsakanin titunan, ta hukumar jiragen sama ta duniya kuwa mita 1,035 tare da rada mai kyau. A tsakanin layukan biyu ana shata wani zirin sarari mai faɗin ƙafa 2,000 a fuskar rada, wanda babu jirgin da ya halatta ya taka, kuma akwai jami'in da aikinsa kawai ya zuba wa zirin ido. Da zarar wani ya nufe shi, sai a umarci na gefensa ya karkata ya tashi nan take. Ko a wurin shan kwanar da za ta ɗora su a kan layi, akan bar ƙafa 1,000 na tsawo tsakaninsu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, har sai kowa ya daidaita. San Faransisko ba ta da wannan faɗin, shi ya sa idan hazo ya sauko, adadin jiragen da take karɓa a awa yakan faɗo kusan rabi. Sai a lokacin na tuna cewa a filin jirgin Heathrow na Landan, inda na taso, titi biyun suna da nisan fiye da kilomita ɗaya, amma duk da haka galibi ɗaya na sauka ne ɗaya na tashi, su yi musaya da ƙarfe uku na rana.

Na tambaye shi na'urar nan da na taɓa jin ana cewa tana hana jirage karo. Ya ce TCAS ke nan, ya kuma ce da hannunsa ya sha gwada ta. Jirage suna tambayar juna tsawo da nisa ta rediyo, idan na'urar ta ga za a haɗu sai ta ce wa ɗaya ya hau, ɗaya ya sauka. Tun bayan abin da ya faru a sararin Uberlingen a kudancin Jamus ranar 1 ga Yuli, 2002, inda na'urar ta ce wa jirgin fasinja na Rasha ya hau, jami'in ƙasa ya ce ya sauka, matuƙan suka bi jami'in, suka haɗu da jirgin kaya na DHL, mutum 71 suka rasu, aka ƙarfafa cewa maganar na'urar ita ce gaba. Sai dai idan jirgi ya yi ƙasa da kimanin ƙafa 1,000 daga doron ƙasa, na'urar tana daina ba da umarnin hawa ko sauka, don kada ta tura mutum cikin ƙasa. Wato a daidai wurin da jiragen suka fi kusa da juna, a nan take yin shiru, a bar ido da kunne da natsuwar mutane.

Kuma mutane suna kuskure, ko da ƙwararru ne. Kawu ya nuna mini da yatsa can bayan 28R, inda wasu jirage suka yi layi suna jiran tashi a wata hanya da ta miƙe daidai da titin. Ya ce a nan ne, ranar 7 ga Yuli, 2017, gab da sha biyun dare, jirgin Air Canada mai lamba 759 daga Toronto ya kusa jawo abin da ba a taɓa gani ba. A daren an rufe 28L don gyara, an kashe fitilunta. Matuƙan sun saba ganin titi biyu a jere. Da suka hango layin fitilu biyu, sai suka ɗauki 28R a matsayin ta hagu, suka ɗauki hanyar jiran a matsayin titinsu. A kan hanyar kuwa jirage huɗu ne cike da mai da fasinjoji, uku na kamfanin United, ɗaya na Philippine Airlines. Matuƙin ya ma tambayi hasumiya cewa yana ganin fitilu a kan titi, aka ce masa titin babu kowa, kuma gaskiya aka faɗa masa, domin titin na ainihi babu kowa a kansa. Wani matuƙin United da ke ƙasa ne ya shiga rediyo yana tambayar ina wannan ya nufa, ga shi a kan hanyar jira. Na Philippine suka kunna manyan fitilunsu. Jirgin ya sauko har kusan ƙafa 60 kafin ya fara ɗagawa. Bincike ya nuna kyaftin ɗin ya fi awa 19 bai runtsa ba, sanarwar rufe titin tana shafi na 8 cikin takardu masu shafi 27, kuma jami'i ɗaya ne a kan aiki a hasumiya a wannan lokacin. Maganar da matuƙan suka yi a tsakaninsu kuwa ba a same ta ba, saboda jirgin ya sake tashi kafin a cire na'urar naɗar murya, sabuwar magana ta shafe tsohuwa.

Wannan na ƙarshen ya ɓata mini rai ƙwarai. Darasi irin wannan, wanda aka samu ba tare da an zubar da jinin kowa ba, ba abin da za a bari ya goge ba ne. Na yi murna da na ji cewa Turai ta wajabta wa sababbin manyan jirage na'urar da ke riƙe awa 25, Amurka ma ta sa haka a dokarta a 2024, a maimakon awa biyu.

Kawu ya fi damuwa da ƙananan filaye, inda shi kansa yake tashi. Ya ce a can ne tagwayen tituna suka fi cin mutane, kuma kusan kullum a wuri ɗaya, wato kwanar ƙarshe. Matuƙi ya zo da gudu fiye da kima, ko iska tana tura shi ta baya, kwanarsa ta yi faɗi, ya zarce layinsa ya faɗa na maƙwabcinsa. Haka aka yi a filin Centennial kusa da Denba ranar 12 ga Mayu, 2021. Ƙaramin jirgi samfurin Cirrus da aka ba 17R ya zarce, ya yanki bayan wani jirgin kaya da ke sauka a 17L, ya yaye masa rufi. Matuƙin jirgin kayan ya zaci injinsa na dama ne ya mutu, ya sauka lafiya, sai a ƙasa ya ga ɓarnar. Cirrus ɗin kuma yana da laimar da ke ɗaukar jirgin gaba ɗaya, suka buɗe ta, mutum biyun da ke ciki suka fito da ƙafafunsu. Jiragen biyu suna magana ne da jami'ai daban a tashoshin rediyo daban, ba a kuma gaya wa na kayan cewa akwai wani a gefensa ba. Waɗannan kwanansu yana gaba. Na filin jirgin Arewacin Las Begas ba su samu haka ba. Ranar 17 ga Yuli, 2022, jirgi samfurin Piper da aka ba 30L, ya kuma maimaita 30L da bakinsa, ya miƙe a kan 30R inda wani Cessna yake saukowa. Piper fukafukansa a ƙasa suke, suna rufe masa abin da ke ƙarƙashinsa. Cessna nasa a sama suke, suna rufe masa abin da ke bisansa. Mutum huɗu suka rasu.

Da ya zo nan ya yi shiru na ɗan lokaci, ya rage muryar rediyon. Ya ce, "Ɗana, jirgin da ka gani a taga har ka ƙirga tagoginsa, matuƙinku ma ya gan shi, tun kafin kai. Ni wanda nake tsoro shi ne wanda ke ƙarƙashin fiffikena."

Na yi ta tunanin mutumin nan da ya ja tsaki a bayana. Ban ga laifinsa sosai ba, domin rasa jirgi a ƙasar da ba taka ba abu ne mai ciwo. Amma irin wannan tsakin, idan ya taru daga fasinjoji da kamfanoni da masu lissafin mai da minti, nauyi ne da ke sauka a wuyan mutum biyu da ke gaba, a daidai daƙiƙar da ya kamata su yanke shawara ba tare da tunanin kowa ba. Ina ganin matuƙin da ya fasa sauka bai kamata ya ji yana bukatar kare kansa a gaban kowa ba. Ina kuma ganin duk dabarar da za a fito da ita ta cusa ƙarin jirage a awa ɗaya, sai a fara tambayar daƙiƙa nawa ta bar wa wanda ya gaji, da wanda rana ta haske masa ido, da wanda ya ji hagu zuciyarsa ta ɗauki dama. Ranar da muka sauka ban samu damar yi wa matuƙinmu godiya ba, ƙofar ɗakinsu a rufe take lokacin da na wuce, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Muna zaune har la'asar ta yi sanyi. Hazon da ke kan teku ya fara kwararowa ta tsakanin tsaunuka, fari fat, yana gangarowa wajen filin. Kawu ya ƙara muryar rediyon ya ce in saurara. Ban gane rabin abin da suke faɗa ba saboda saurin bakinsu, amma na ji an daina tambayar matuƙa ko sun ga jirgin da ke gefensu. Can a saman ruwa fitilun suka daina zuwa biyu-biyu. Ɗaya ta fito, ta girma, ta dira. Muka jira. Sai wata ɗayar ta ɓullo ita kaɗai daga cikin toka-tokan sama.

Ranar da zan koma, hazon ya kwana bai tashi ba. Allon sanarwa ya nuna an ɗaga tafiyarmu da awa biyu, saboda jirgin da zai ɗauke mu bai samu shigowa da wuri ba. Na kira Kawu na gaya masa. Ya tambaye ni ko daga inda nake zaune ina hango titunan, na ce ina hango bakin ɗaya. Ya ce to in ƙirga masa daƙiƙoƙin da ke tsakanin sauka da sauka. Na ja kujera kusa da gilashi, na ajiye jakata a ƙasa, na jira fitila ta gaba ta huda hazon.